Ranar Sakin Dabbobi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Kano lafiya, kin sami kawunki Sani da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Yaya gajiyar mota, yaya kuma zirga-zirgar shirin tafiya? Mu nan gida sai godiyar Allah. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tuna miki kada ki haɗa daddawa da littattafai a jaka ɗaya. Allah ya tsare mini ke a ƙasa, ya tsare ki a sama, ya sauke jirginku lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a can inda ba ki san kowa ba.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, yanzu kika bar shi. Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rubutu ba ya cikin abubuwan da nake so, maganar nan ce da kika yar mini a tashar Gwarzo. Kina riƙe da ƙofar mota kika ce, "Baba, ni fa karatun nan ya fita daga raina. Dokar ƙasa da ƙasan nan wa take kamawa? Kullum a waya ana rusa gidaje a kan yara, kotu ta ce a daina, duniya ta yi ta ihu, mai ƙarfi ya ci gaba da abinsa. In na je zan roƙa a mayar da ni ɓangaren dokar kamfanoni, ko ba komai in san abin da na karanta yana aiki." Kafin in haɗa amsa direba ya tayar da mota, abin da na iya ce miki kawai shi ne Allah ya kiyaye hanya. Na dawo gida raina a ɓace, domin tun kina sakandare kike damun mu da zancen karatun nan, yanzu Allah ya kawo shi har ƙofa kina neman juya masa baya.

Ni ban san dokar ƙasa da ƙasa ba. Bokona a firamare ya tsaya, sauran duk a rediyo na tsince shi. Amma ni ma na taɓa ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashe biyu, kuma kada ki yi dariya. Kin san labarin sama-sama, kina ƙarama aka fara shi. Abin da ba ki sani ba shi ne yawan tuntuɓen da na yi a cikinsa.

Kin san yadda muke zaune. Mu Unguwar Kuka muna gefen Kara, a ƙasar Gwarzo. Ƙetaren rafi kuma Gidan Ardo ne, su suna bin Masanawa, a ƙasar Kabo. Gonakinmu sun shiga cikin nasu, nasu sun shiga cikin namu, amma mai unguwarmu ba shi da iko da su, Ardonsu ba shi da iko da mu. Kowace kaka, idan an gama ɗebe amfani, kowane gari yakan yi shelar ranar da za a saki dabbobi su shiga gonaki. Su can masu shanu sun fi yawa, sai su saki da wuri. Mu nan masu wake da dawa mun fi yawa, sai mu ja lokaci. Saniya kuwa babu ruwanta da iyakar ƙaramar hukuma. Kowace shekara sai an yi ɓarna, kowace shekara sai an fito da sanduna. In ka kai ƙara Gwarzo a ce mutumin Kabo ne, in ka kai Kabo a ce gonar Gwarzo ce. Hannun baffanki Idi da kike gani ba ya ɗaguwa, a wannan rigimar aka karya shi.

Ni a lokacin ina da ƙuruciya da baki, ga rediyo ta cika mini kai da labarin yadda ƙasashe suke zama su sasanta. Na ce mu ma me zai hana? Na yi ta safa da marwa tsakanin garuruwan nan har aka yarda a zauna a gindin tsamiyar bakin rafi. Aka tsayar da magana: ba wanda zai saki dabba sai dattawan ɓangarorin biyu sun zaga gonaki tare sun ga an kwashe, sannan a yi shela rana ɗaya a garuruwan biyu. Wanda dabbarsa ta yi ɓarna kafin ranar, ko ta keta shingen abin da bai isa cira ba, ya buɗe rumbunsa ya biya, babu sanda babu wuƙa. Mai unguwa da Ardo suka yi musabaha, liman ya tambayi taro, "Kun yarda?" Kowa ya ce, "Mun yarda." Aka shafa fatiha. Na dawo gida ina jin kamar ni na raba faɗan duniya.

Ba a je ko'ina ba sai ga tumaki da awaki cike da gonakin wake. Na fita a fusace in ga ko na waye, ta farko da na ci karo da ita tunkiyar Innarki ce, mai baƙin kunnen nan, tana cin waken maƙwabci hankalinta kwance. Na koro ta gida ina huci. Na sami Innarki tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na ce, "Ke ba ki ji abin da aka yarda da shi ba ne?"

Ta ce, "Malam, kai da wa kuka yarda?"

Na ce, "Da jama'ar gari mana."

Ta ce, "To ni baƙuwa ce a garin? Tun farkon damina tumakin nan suke a turke, ni nake nemo musu ciyawa, dusa ta ƙare. Kun je gindin tsamiya kun ƙara mana lokaci. Wa zai ci da su kafin ranar taku ta zo, kai ko Ardo?"

Na yi kwanaki ina cin tuwo ba magana. Amma da na huce na duba, sai na ga kusan duk ƙananan dabbobin garuruwan nan na mata ne, kuma ko mace ɗaya ba ta san an yi zaman ba sai da mai shela ya wuce. Mu da muka ce mun yarda, ba mu ne za mu ɗauki wahalar ba. Dole aka sake bin gida-gida, Innarki da matar Ardo suka shiga inda mu ba ma shiga. Matan suka ce sun amince, amma da sharaɗin duk wanda ya riga kwashe gonarsa ya bar su su tsinci ragowar harawa da ganye su kai wa na turke. Da aka ƙara wannan, sai ga shi su ne suka fi mu tsare dokar. Akuya ta kuskura ta tsinke, kafin namiji ya ji labari mata sun gama da mai ita.

Saboda haka, Ummi, idan kin je za ki riƙa karanta cewa ƙasa kaza ta amince, ƙasa kaza ta sa hannu. Ki riƙa tsayawa kina tambaya, su waye a cikin ƙasar za su ɗauki nauyin abin, kuma an je an same su? Shugabanni biyu su yi musabaha ba wuya. Amma kada wannan ya sa ki raina musabahar, domin ba don an yi ta ba da matan nan ba su sami abin da za su gyara ba.

Aka yi 'yan shekaru lafiya. Sai Alhaji Bawa ya gwada mu. Kin san shi, dillalin shanun nan na Gidan Ardo, wanda garkensa ya fi na kowa a yankin nan, manyan 'yan siyasa suke sauka a ƙofar gidansa. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta yi wuya, shi kuwa ba ya jin akwai wanda ya isa ya ce masa jira. Da rana tsaka shanunsa suka ƙetaro rafi suka share dawar gidaje da dama, har da ta Malam Hudu makaho wanda ita kaɗai ce abincinsa. Aka aika masa ya zo gindin tsamiya, ya ce ba shi da lokaci.

A nan na yi tuntuɓe na biyu. Na ce tunda ba mu da ɗan sanda ba mu da alƙali, to muna da bakin duniya. Ranar kasuwar Gwarzo na ari lasifikar wani mai tallar magani na hau kan benci. Da na tsaya a kan abin da Alhaji Bawa ya yi, da da sauƙi. Amma kin san ubanki idan ya ga taro ya kewaye shi. Baki ya kwashe ni, na ce mutanen Gidan Ardo ba su da alƙawari, na ce halinsu ne tun kakanni. Aka yi ta tafi, na sauko ina jin daɗi. Ashe a cikin taron akwai mutanen Gidan Ardo da suka kwana suna jin haushin Alhaji Bawa fiye da ni, waɗansu ma sun shirya zuwa su same shi. Da suka ji na haɗa har da kakanninsu, sai suka koma bayansa. Mutumin da ya wayi gari shi kaɗai, na mayar da shi mai jama'a kafin la'asar.

Ki riƙe wannan da kyau, domin ke ma bakin nan kin gado shi. Idan mai ƙarfi ya yi zalunci, ki kira sunan abin da ya yi, ki tsaya nan. Kada ki haɗa shi da mutanensa, a cikinsu akwai waɗanda abin yake ci fiye da ke, kuma su ne suke da hanyar shiga zaurensa. Tafin da za a yi miki yana da daɗi, na ɗanɗana, amma ko zangarniya ɗaya bai mayar wa Malam Hudu ba.

Na uku shi ne wanda ya fi kama da abin da kika faɗa mini a tasha, shi ya sa maganarki ta tsaya mini a rai. Bayan abin kasuwa na yi zuciya. Na ce yarjejeniyar nan ta mutu, an yi ta ne don talaka mai akuya biyu, mai garke ya fi ƙarfinta. Duk wanda ya zo mini da zancen sai in ce ya rabu da ni. Da kaka ta zagayo aka aiko in fito zagayen gonaki, na ce ƙafata tana ciwo.

Ardo da kansa ya ƙetaro ya same ni a zaure da hantsi. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma ni ne na zagi kakanninsa a kasuwa, amma sai da ya gaishe ni tsaf, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar da ya san lafiyarta ƙalau. Sannan ya ce, "Malam Garba, na ji ka ce magana ta mutu. To ni shanuna na tsare su a bayan gari bara, suna kuka ina kallo. Maƙwabtana ma haka. Mu da muka tsare namu, ka ƙirga mu a cikin matattun ne?"

Gaskiya ya faɗa. Idona ya tafi kan garke ɗaya da ya ƙetaro, na mance da duk waɗanda ba su ƙetaro ba, domin saniyar da aka tsare ba a ba da labarinta.

Ya ƙara da cewa, "Kuma ka ji abin da shi Alhaji Bawan yake faɗa? Cewa yake makiyayinsa ne barci ya ɗauke, shanu suka ɓalle. Ƙarya ce, ni da kai mun sani. Amma me ya sa mutum kamarsa zai wahalar da kansa da ƙarya? Da ba ya jin nauyin maganar, ai cewa zai yi gona ta Allah ce, ya sake su."

Daga ranar na fara lura da wani abu da ba ni na shirya shi ba, ba kuma wanda ya yi shelarsa. Kin san gaisuwarmu, in ka haɗu da mai kiwo, bayan iyali da gajiya dole ka ce masa yaya dabbobi. To mutane sun daina yi wa Alhaji Bawa wannan tambayar. A masallaci, a wurin ɗaurin aure, a wurin jana'iza, za a gaishe shi da ladabi, a tambayi gida, a tambayi kasuwa, idan an zo kan dabbobi sai a yi shiru a saki hannunsa. Mutanen garinmu suka yi, mutanen garinsu ma suka yi, har tsofaffin da suke kawo nono. Ba wanda ya zage shi. Ni da idona na gan shi a wata jana'iza a Gude, an gaishe shi an tsallake wurin, ya tsaya da hannu a miƙe kamar wanda aka bai wa tuwo ba miya. Bai taɓa cewa ya yi laifi ba. Amma wata safiya Malam Hudu ya tashi ya tarar da dammunan dawa a ƙofar gidansa, kuma garken nan bai sake ƙetare rafi kafin shela ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, sauran gidajen da aka yi wa ɓarna ba su ga komai ba har yau. Abin bai zo da sauri ba, bai kuma zo cikakke ba. Da ni kaɗai ne mai riƙe da maganar, da ta mutu ranar da na ce ƙafata tana ciwo.

Sauran labarin kina can wurin hidimar ƙasa aka yi shi, na kuma hana a faɗa miki don kada ki samu abin tsokanata. Alhaji Bawa ya tsufa, ya rage shanu, ya koma noma. Ya shuka rogo mai yawa a bakin rafi ya kewaye shi da shinge. Bara, ana tsakiyar kaka, bijiman huɗata guda biyun nan suka tsinke igiya suka ƙetara, suka keta shingen, suka yi wa rogon nan ɓarna ta gaske. Ina zaune a ƙofar gida sai ga shi tafe da sandarsa, shi kaɗai, ba 'yan rakiya. Mutumin nan har yanzu in ya so, waya ɗaya zai buga a zo a kwashe ni da bijiman gaba ɗaya.

Muka gaisa. Ya zauna a kan tabarma ya ce, "Malam Garba, na zo ne a kan maganar gindin tsamiya. Ai an ce wanda dabbarsa ta keta shinge ya buɗe rumbu, ko ba haka aka ce ba?"

Na ce, "Haka aka ce, Alhaji."

Ya ce, "To a kira dattawa su je su gani."

Aka je aka gani, aka yanke, na buɗe rumbu aka ɗiba, kuma an ɗiba da yawa. Innarki tana tsaye tana salati, ta juyo ta gan ni ina murmushi, ta ce ko na zautu ne. Ummi, wallahi ban taɓa yin asarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Mutumin da ya fi kowa ƙarfi a yankin nan, yana da hanyar da ta fi sauri, ya bar ta ya tako da ƙafarsa yana neman dokar da ya taka. Da zai tafi na raka shi har bakin rafi, na ce masa, "Alhaji, yaya dabbobi?" Ya juyo ya dube ni ya ce, "Da godiya."

Na san abin da za ki ce. Za ki ce Baba, rogo daban, ran yara daban. Gaskiyarki. Ban isa in haɗa ɓarnar gona da abin da kike gani a wayarki ba, ni ma idan kin nuna mini kau da kai nake yi, abincin ranar ba ya shiga. Kuma yaran da aka binne, babu hukuncin da zai tashe su. Baƙin cikinki daidai ne, kada ki bari kowa ya raba ki da shi, ko malamanku na can. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki ce tunda an taka doka to babu ita. Masu ƙarfin nan da kike gani, ki saurare su da kyau, ni ina jin su a rediyo. Har yanzu ban ji wanda ya fito ya ce na kashe yara kuma daidai na yi ba. Kowa cewa yake kuskure ne, ko kare kai ne, ko ba shi ba ne. Suna jin nauyin wani abu ke nan. Abin nan da suke jin nauyinsa, shi za ki je ki karanta, kuma yana buƙatar masu riƙe shi a shekarun da ake ganin kamar ya mutu.

Ba zan tilasta miki ba. Dokar kamfanoni ma sana'a ce ta halal, in kin zaɓe ta albarkata tana tare da ke. Roƙona ɗaya ne. Kada ki je ofishin kowa da wannan maganar a makon da kika sauka, da gajiya da kewar gida da hotunan nan a idonki. Ki zauna a ajin da aka ɗauke ki dominsa har zango ya ƙare. In bayan nan kin ga wani abu ya fi shi amfani ga mutane, ki canza da hankalinki. In kuwa dalilin dai shi ne mai ƙarfi ya ƙi ji, to wannan ba dalili ba ne, ciwon ƙafa ne irin nawa, kuma ke a can babu Ardon da zai ƙetaro ya same ki a zaure. Shi ya sa na rubuto.

Ki tsare sallarki a kan lokaci ko da agogonsu ya rikita ki. Ki ci abinci, kada ki zauna da shayi kawai. Ki riƙa kiran Innarki, ita ba za ta ce tana kewarki ba, sai dai ta huce a kaina. Ki gaishe mini da kawunki da mutanen gidansa, ki yi musu godiyar ɗawainiya.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, ya buɗe miki ƙirji, ya ba ki haƙurin da ubanki bai samu da wuri ba. Allah ya sa wata rana a wani zaure mai nisa, wanda aka zalunta ya waiwaya ya ga akwai wadda ta tsaya masa, kuma ya zamana ke ce.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Garba
Unguwar Kuka